Sabon Haske a Sama: Yadda Ake Gano Shi da Yadda Ake Bin Sawunsa

Ranar 11 ga Maris, 2018, wata na'urar ƙasar Japan mai suna MAXI ta hango haske a wani gefen sama inda a da ba ta ganin komai. Na'urar tana maƙale ne a jikin tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa tun 2009, kuma aikinta gadi. Tashar tana kewaya duniya cikin kimanin minti 90, ita kuwa MAXI tana leƙa kusan ko'ina a sama a kowane zagaye. Hasken da take nema ido ba ya ganinsa: hasken eksire ne, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti.

Iskar da ta lulluɓe duniya tana shanye wannan haske kafin ya iso ƙasa, wanda rahama ce ga jikinmu, amma cikas ga masu bincike. Dole sai an fita sama. Shi ya sa sai a 1962 aka fara gano tushensa a wajen iyalin ranarmu, lokacin da Riccardo Giacconi da abokan aikinsa suka harba roka daga Amurka. Tun daga nan aka lura cewa sama a hasken eksire ba ta zama wuri ɗaya. Abu kan yi shiru shekara da shekaru, rana ɗaya ya ɓarke da haske, ya yi makonni ko watanni, sannan ya dusashe.

To, ganin farko ba ya wadatarwa. MAXI tana da faɗin gani amma ba ta da kaifin ido. Iyakarta ta nuna wani fili na sama mai ɗauke da taurari da yawa, ta ce abin yana nan ciki. Daga nan sai gaggawa. Masu kula da ita suka aika gajeriyar sanarwa ta intanet ga masana taurari na duniya, da sunan da suka raɗa wa abin: MAXI J1820+070. Tauraron ɗan adam na Amurka mai suna Swift, wanda aka ƙera domin ya iya juyawa da sauri, ya fuskanci wurin ya tsayar da ainihin inda hasken yake. Sai ga shi ya faɗa daidai kan wani tauraro da masu sintirin sama daga ƙasa, na shirin ASAS-SN, suka ga ya ƙara haske kwanaki kaɗan kafin nan, ba tare da sun san dalili ba.

Dalilin baƙin rami ne. Wannan gawar wani babban tauraro ce da ta dunƙule, ƙarfin janta ya kai ko haske ba ya kuɓuce mata. Nauyin wannan ramin ya kai kusan ninki takwas na ranarmu, kuma nisansa daga gare mu kimanin tafiyar haske ce ta shekara 10,000. Yana da abokin zama, ƙaramin tauraro, suna kewaya juna cikin sa'o'i 16 da 'yan kai. Ramin yana zuƙe iskar jikin tauraron, amma iskar ba ta faɗawa kai tsaye. Tana taruwa tana juyawa a kewayensa, shimfiɗe kamar faifai, tsawon shekaru. Idan ta yi yawa ta yi zafi, sai ta kwararo ciki gaba ɗaya, zafinta ya kai miliyoyin digiri, ta fitar da hasken eksire. Wato ba ramin muke gani ba, abincinsa ne ke ƙuna a bakinsa.

A ganina, abin da ya biyo baya ya fi ganowar daɗi. A jikin tashar sararin samaniyar nan akwai wata na'urar, NICER ta hukumar NASA, mai auna lokacin isowar haske daki-daki. Ita ta kama amsa-kuwwar hasken: walƙiya takan tashi daga wata iska mai tsananin zafi da ke kusa da ramin, ta daki faifan, ta dawo, a tsakani akwai jinkirin da bai kai ƙiftawar ido ba. Erin Kara da abokan aikinta sun ga jinkirin yana raguwa cikin makonni, suka fahimci cewa iskar nan tana tsukewa ne. Sun wallafa wannan a mujallar Nature a Janairun 2019. A duba fa: wuri ne da babu madubin hangen nesan da zai iya ɗaukar hotonsa, amma an auna shi da agogo kawai.

A farkon Yulin 2018 yanayin hasken ya sauya, ramin ya yi feshin abubuwa ta gefe biyu da gudun da ya doshi na haske. Nan Afirka ta shigo. Na'urorin MeerKAT guda 64 da ke yankin Karoo na Afirka ta Kudu, masu sauraron igiyoyin rediyo, suna cikin waɗanda suka bi feshin watanni yana nisanta daga ramin. Tauraron ɗan adam na Chandra ma ya ɗauki hotonsa. Har masu sha'awar taurari da ƙananan madubai a gidajensu sun riƙa aiko da ma'aunin haskensa dare bayan dare.

Bayan babbar ɓarkewar ta lafa, hasken ya sake ɗan tasowa fiye da sau ɗaya a 2019, ba da ƙarfin farko ba. Ƙaramin tauraron kuwa bai daina zubar da iskarsa ba, faifan yana sake cika a hankali.