Kaka Ta Zo: A Yawaita Dariya, A Yi Tattalin Rumbu

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka taimake ni da ɗan fili a cikin jaridarka mai farin jini, domin in yi wa 'yan'uwana masu karatu magana a kan lokacin nan da mu ke ciki, watau kaka. Na daɗe ina juya zancen a zuciyata, har na ga ya kamata in shimfiɗa shi gaban malamai da akawuna da masu koyarwa, tun da ya ke su ne a kan kai wa takarda su karanta, su ne kuma a kan nemi shawararsu in abu ya ɗaure wa mutane kai.

Turawa su ma suna da kakarsu, daga watan Satumba zuwa Nuwamba. Amma a can lokaci ne da ganyayen itatuwa ke yin ja su kaɗe, yini ya gajarce, sanyi ya kunno kai, saboda haka da yawa cikin mawaƙansu sun ɗauke ta lokacin tuna tsufa da rabuwa. Mu kuwa a ƙasar Hausa ba haka ta ke ba. Gero ya shiga rumbu, dawa ta sunkuyar da kai tana jiran yanka, mata suna roron wake, ana cirar gyaɗa, yara suna gasa tumu a bakin gona. Wanda ya sha wuyar watan Agusta, sa'ad da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, yanzu ka gan shi fuska ta yi sheƙi, har yana neman wanda zai yi wa kyauta.

To, abubuwa biyu kaka ta kan kawo mana a yalwace, watau hatsi da nishaɗi. Hatsi in an taɓa shi raguwa ya ke yi, nishaɗi kuwa ko an raba shi ga gari duka ba ya ƙarewa. Abin da na lura da shi, wanda ya sa na ɗauki alƙalami, shi ne mun soma juya al'amarin, muna ɓarnatar da hatsin, muna rowar nishaɗin. A ganina lafiyar iyalinmu ta shekara guda a nan ta rataya.

Bari in fara da dariya. Iyayenmu ba su bar ta haka kawai ba, sai da suka yi mata hanyoyi. A kaka a ke kalankuwa, a ke dambe da kokawa, 'yan mata su yi gaɗa a dandali in wata ya yi fari, tsofaffi mata su tara jikoki su yi musu tatsuniya. Sa'an nan ga wasan da aka ɗaure tsakanin mutane don kada gaba ta samu wurin zama: taubashi da taubashi, jika da kaka, Bafulatani da Babarbare, Bakano da Bazazzagi. Ko wane ɗaya zai faɗa wa ɗan'uwansa maganar da in wani ne ya faɗa sai an je gaban alƙali, amma su sai su bushe da dariya, su rabu zuciya fari.

Masu bincike na wannan zamani sun auna abin, sun ga yana da tushe. A shekarar 2011 wani malami na Jami'ar Oksfod a Ingila, mai suna Robin Dunbar, shi da abokan aikinsa suka bayyana gwajin da suka yi, inda suka tarar mutanen da suka sha dariya tare sun fi jure zafin ciwo bayan nan, bisa ga waɗanda aka nuna wa abin da ba na ban dariya ba. Har wa yau, tun daga 1938 Jami'ar Harbad a Amurka ta soma bin rayuwar mutane sama da 700, daga ƙuruciya har tsufa. Abin da aka samu shi ne, waɗanda suka fi jin daɗin zama da iyalinsu da abokansu suna da shekara 50, su ne suka fi ƙoshin lafiya da suka kai 80. Ashe da Bahaushe ya ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, ba baƙo kaɗai ke cin moriyarta ba, har da mai gidan.

Ban ce dariya za ta tsaya a maimakon likita ba, ban kuma ce izgili da yi da mutane dariya ce mai amfani ba. Abin da na ke kuka da shi, yau sai ka shiga zaure bayan magariba ka tarar da mutum biyar, ko wanne ya sunkuya a kan wayarsa yana murmushi shi kaɗai. Wani maigida kuwa a waje ya fi kowa ban dariya, amma da ya sa ƙafa a gidansa sai ya ɗaure fuska, yara su watse, uwargida ta yi tsit, wai shi kwarjini. Malam, matar da ta taya ka wahalar damina ta fi 'yan majalisa cancantar jin dariyarka, ga shi kuwa ba za ka biya ko kwabo ba.

Wannan ya kawo ni ga zancen so da aure. Kowa ya sani kaka ce lokacin ɗaurin aure a ƙauyukanmu, gama a sa'an nan ne hannu ya ke da nauyi. Abin farin ciki ne. Amma mu yi ɗan lissafi. A ce manomi ya samu dami 100, iyalinsa kuwa suna bukatar dami 80 kafin wata kakar. Rararsa dami 20 ke nan. In ya sayar da 50 don lefe da biki da dinner irin ta 'yan birni, ya ci dami 30 daga cikin abincin 'ya'yansa. Ya kuma sayar a lokacin da hatsi ya fi araha, domin kowa yana kai nasa kasuwa. In damina ta faɗi, shi ne zai koma wa wanda ya saya ya ɓoye, ya sayi hatsin nan nasa da tsada, ko ya ci bashi a kan gonar da bai girbe ba. A watannin nan ne yara ke ramewa, amaryar da aka kawo da kiɗa tana da ciki tana kwana da kunu. Ni dai ban ga so a cikin wannan ba. Wanda ya ke son yarinya da gaske ya fara tambayar kansa abin da za ta ci a watan Agusta.

Akwai kuma abin da ya fi akwatin lefe muhimmanci, shi ne gwajin jini kafin aure. Cutar nan ta amosanin jini, wadda a ke kira sikila, gadonta a ke yi. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da irinta a jikinsa, alhali shi lafiyarsa lau, bai ma sani ba. In namiji mai jinin AS ya auri mace mai AS, to ko wane ciki da za ta ɗauka akwai kashi ɗaya cikin huɗu na yiwuwar a haifi ɗan da cutar. Wanda ya taɓa kwana a asibiti kusa da yaron da ciwon ya tasar wa, yana ihu ƙasusuwansa kamar ana sara, ya san abin da na ke faɗi. A shekarar 2024 Jihar Kano ta kafa dokar da ta wajabta gwajin nan, da na ciwon hanta da na ƙanjamau, kafin a ɗaura aure. Shawarata ita ce a yi shi tun farkon neman aure, kafin zuciya ta yi nisa, kafin a kai kuɗin gaisuwa. Ba a fafe gora ran tafiya.

Wani abin da ya kamata ya shiga kayan ɗakin ko wace amarya shi ne gidan sauro mai magani. Mutane da yawa suna tsammani da ruwa ya ɗauke sauro ya tafi, sai su naɗe gidan su ajiye. Alhali kuwa kududdufai da fadamu suna nan da ruwa, sauro yana ta haihuwa, kuma zazzaɓin ba ya bayyana sai bayan kwana 10 zuwa 15 da cizo. Shi ya sa ƙarshen damina da farkon kaka ɗakunan shan magani ke cika. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mutum wajen 608,000 wannan zazzaɓi ya kashe, kusan sulusinsu a Nijeriya, mafi yawa kuwa yara ne da ba su kai shekara 5 ba. Mai ciki ma tana cikin waɗanda ya fi kayarwa. Tun 2012 hukumar nan ta ba da shawarar a riƙa ba ƙananan yara na ƙasashenmu maganin rigakafi wata wata a lokacin ruwa, shi ne wanda ma'aikata ke bi gida gida suna rabawa. Ko wane zagaye na kwana uku ne, sai a cika shi, kada a tsaya a na farko don an ga yaro yana wasa. In kuwa jikinsa ya yi zafi, a kai shi a gwada jininsa a ranar.

Saura zancen rumbun kansa. Gyaɗa da masara in an tara su ba su bushe sarai ba, ko an shanya su a ƙasa mai laima, su kan yi funfuna, funfunar nan kuwa tana fid da dafi mai lalata hanta, wanda dafuwa ba ta kashe shi. A shekarar 2004 a ƙasar Kenya mutum 125 suka mutu saboda cin irin wannan masara. To, a shanya a kan tabarma ko tamfal har ta bushe ƙayau, a tsince mai baƙi da mai ɗaci a zubar, kada a ce a ba yara ko a yi ƙuli da ita. Wake kuma, don gudun ƙwari, waɗansu su kan zuba masa maganin feshi na gona, har abin ya sa a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wakenmu ƙasashenta. Abin da baƙo ya ƙi saboda guba, yaya za mu dafa wa 'ya'yanmu? Ga buhun nan mai ciki uku da ba ya shigar da iska, in an ɗaure shi tam ƙwarin da kansu su ke mutuwa, ba sai an sa komi ba.

Ya ku 'yan'uwana masu karatu, ku ne a ke kira rubuta kayan lefe, ku ne a ke gayyata shaidar ɗaurin aure, ku ne yara ke saurara a aji. In kun yi shiru, wa zai faɗa? Ku ce wa maƙwabcinku ya ware abincin shekara tukuna, sa'an nan ya yi biki da abin da ya saura. Ku tambayi masu neman aure ko sun yi gwaji. Ku leƙa ku ga ko gidan sauro yana rataye. In kun gama, ku zauna ku ci tumu tare, ku tsokani taubasanku, ku yi dariya har haƙarƙari ya yi ciwo, gama wannan ba ta rage komi a rumbu. Lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke.

In akwai wanda ya ga gyara a maganata, ina roƙonsa ya amsa ta wannan fili mu ƙaru da juna. Allah ya sa mu ci amfanin bana lafiya, ya kai mu na baɗi. Haza wassalam.

Ni ne naku,
Wani tsohon malamin makaranta.