Maisitoma: Ciwon Ƙafar Da Ba Ya Cikin Ƙidaya

Sau da yawa ƙaya ce mafari. Takan soki manomi ko makiyayi marar takalmi, ta cusa ƙwayar cutar da ke cikin turɓaya. Ƙafa ta yi ta kumbura shekara da shekaru ba zafi, tana tsiyayar ruwa mai tsaba-tsaba, har ciwon ya ci ƙashi a yanke ta.

Yankin maisitoma ya ratsa Sudan, Chadi, Nijar da Senegal, kuma Jos na cikinsa duk da sanyinta, balle Wase da Kanam masu zafi. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya cutar cikin waɗanda aka yi wa riƙon sakainar kashi, amma ba a wajabta wa asibitoci kai rahotonta ba, don haka masu tsara kasafi a Abuja ba sa ganin ta a takarda. Jami'ar Khartum kuwa ta buɗe mata cibiyar bincike tun 1991.