Darasin Turancin da korona ta bar mana

Kamar yadda muka saba, ga shirin wannan makon a rubuce, saboda waɗanda datarsu ba za ta kai su saurara ba.

Yau a kan koyon Turanci za mu tattauna. Kun dai san halin da ake ciki: in babu kiredit a Turanci jami'a ba ta ɗaukar mutum, kuma a wajen intabiyun aiki da yawanmu muna da amsa a kai, amma ta ƙi fitowa. A ganina, wani ɓangare na matsalar shi ne ana ba mu karatu a kan rayuwar da ba mu sani ba. Kana fama da kalmomi, kana kuma fama da labarin kansa.

To, akwai labarin da duk mun san shi, domin da mu aka yi. Ranar 11 ga Maris 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar duniya. Cuta iri ɗaya ce, amma kowace al'umma da yadda ta tarbe ta, kuma an rubuta wannan da Turanci mai sauƙi, yana nan a intanet.

Mu fara da Birtaniya. Daga 26 ga Maris 2020, duk ranar Alhamis da ƙarfe 8 na dare mutane kan fito ƙofar gida su tafa wa ma'aikatan asibiti, har tsawon mako 10. A can ne kuma wani tsohon soja mai shekara 99, Kyaftin Tom Moore, ya ce zai zaga lambun gidansa sau 100 don ya tara fam 1,000 na taimakon ma'aikatan lafiya. Ƙarshe abin da aka tara ya haura fam miliyan 32. Irin wannan labarin gajere ne, akwai lambobi da kwanan wata, kuma an ba da shi a sigar abin da ya wuce. Ka karanta sau biyu, ka rufe wayar, ka ba abokinka labarin da bakinka. Ka yi atisayen nahawu ke nan ba tare da ka ji jiki ba.

Sai Italiya, inda mutanen da aka kulle suka riƙa fitowa barandar benaye suna waƙa tare da maƙwabta. Kalmar quarantine ma can ne asalinta. Daga quaranta take, wato arba'in, saboda a zamanin da a birnin Venis jirgin ruwan da ake zargin ya ɗauko annoba sai ya yi kwana 40 kafin a bar mutanensa su sauka. Wanda ya ji wannan tarihin da wuya ya manta kalmar.

Ita kuwa lockdown, wadda mu muka kira kulle, ƙamus ɗin Collins ya zaɓe ta kalmar shekarar 2020. Ga kuma wadda za ta iya ba ka kunya: palliative. A Najeriya da an ambace ta, buhun shinkafa da taliyar tallafi ke zuwa mana a rai. A Ingila kuwa an fi jin ta a asibiti, wajen kula da maras lafiyar da ba a sa ran warkewarsa, ana rage masa raɗaɗi. Ka ga ke nan sanin kalma kaɗai bai isa ba, sai ka san a bakin wa take.

Yanzu ga inda na fi so ku riƙe. Karanta labarin wasu rabin aikin ne, sauran rabin shi ne ka ba da naka. A Afrilun 2020 aka kulle Kano, azumi ya same mu a gida, aka hana jam'i a masallatai. A shekarar ba a bar maniyyata daga wajen Saudiyya sun je Hajji ba. Yaya za ka bayyana wa Bature cewa a wurinmu ƙin miƙa wa mutum hannu a gaisa abu ne mai nauyi? Yaya za ka faɗa masa abin da zaman makoki yake nufi, da zafin rasa shi? Nan ne Turancinka zai miƙe, domin kana da abin faɗa kuma babu inda za ka kwafo.

Ga aikin wannan makon. Ka zaɓi ƙasa ɗaya, ka nemo gajeren labari a kan abin da mutanenta suka yi lokacin kulle. Ka fitar da sababbin kalmomi 5 kacal. Sannan ka rubuta jimla 10 kana kwatanta nasu da na unguwarku, ka karanta da ƙarfi, ka tura wa aboki a WhatsApp ya saurara. 'Yan'uwa mata, har da ku, ban cire kowa ba.

Malamai masu son kai wannan aji, a yi hattara. Akwai ɗaliban da suka rasa iyaye ko kakanni a watannin nan. Kada a tilasta wa kowa ba da labarin gidansu. Wanda ya fi son ya tsaya a kan Italiya, a bar shi.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Ya kare mu daga wata annobar. Ku tura wa wanda ke shirin zana jarrabawa bana. Sai mun haɗu a shiri na gaba.