Kama Da Wane Ba Ta Wane: Farar Giyar Inabi Da Kwalaben Bukukuwanmu

Duk mai halartar biki ko suna a Gurugu da sauran unguwannin Tamale ya san da wuya a watse ba a buɗe dogayen kwalaben nan masu kumfa ba, waɗanda muke kira ruwan inabi. Sun shiga kayan walima, sun shiga tsarabar dangin amarya. To, amma a kanti guda, wani lokaci ma a kan kanta guda, akwai wata kwalbar mai irin wannan tsawo da irin wannan launi, wadda abin da ke cikinta giya ce. Da yake yaranmu muke aika su sayo, ya kamata mu san bambancin, mu kuma koya musu.

Wadda ta fi rikita mutane ita ce farar giyar inabi, musamman mai ɗauke da kalmar Turanci "dry" a jikinta. Ma'anar kalmar "busasshe", shi ya sa wasu ke zaton ana nufin babu barasa a ciki. Ba haka ba ne. Ruwan inabin da aka matse yana da sukari kamar giram 200 a kowace lita. In aka bar yis ya yi aiki a cikinsa, sai ya cinye sukarin ya mai da shi barasa, kamar dai yadda ruwan dawa ke tsima ya zama fito a wannan yanki namu. "Busasshiya" ita ce wadda yis ya cinye sukarinta kusan kaf. A ƙa'idar Tarayyar Turai, abin da ya rage ba ya wuce giram 4 a lita, ko 9 in tsaminta ya yi yawa. Wato zaƙin ne ya tafi, barasar kuwa tana nan, kashi 11 zuwa 13 cikin ɗari a mafi yawan lokuta. Ana ce mata fara ne domin akan raba ruwan da ɓawon 'ya'yan tun kafin ya tsima.

Irin wannan giya ta yi suna a ƙasashe masu sanyi, kuma gonakinta da yawa a bakin manyan tafkuna suke. Dalilin darasi ne da ɗalibanmu ke karantawa a labarin ƙasa: ruwa ba ya saurin ɗaukar zafi, ba ya kuma saurin sakinsa. Idan sanyi ya fara shigowa, tafki yakan riƙa fitar da ɗumin da ya tara, sai inabi ya sami ƙarin kwanakin nuna. Idan sanyi ya zo wucewa, tafkin yakan riƙe iska da sanyi-sanyi, itacen ba zai yi gaggawar toho ba balle jaurar ƙarshe ta ƙone shi. Sanyin kuma shi ke hana tsamin 'ya'yan gushewa, tsamin da masu wannan sana'a ke nema.

A jihar New York ta Amurka akwai jerin tafkunan da ake kira Finger Lakes. Mafi zurfinsu, Seneca, ya kai wajen mita 188, don haka da wuya ƙanƙara ta rufe shi gaba ɗaya. Wani masanin noma mai suna Konstantin Frank, wanda aka haifa a Yukiren ya kuma isa Amurka a 1951, shi ya nuna cewa inabin Turai irin su Riesling na iya rayuwa a wurin, ya kafa gonarsa a bakin tafkin Keuka a 1962. A Suwizalan kuma akwai gonakin Lavaux, waɗanda aka sassaƙa hawa-hawa a gangaren tafkin Janiba tun ɗaruruwan shekaru, har hukumar UNESCO ta sa su cikin wuraren tarihi na duniya a 2007. Mu ma muna da tafkin Bolta, amma zafin ƙasarmu bai dace da wannan noma ba. Saboda haka kwalaben da muke gani daga ƙetare suke zuwa, rubutun jikinsu kuma sau da yawa da Faransanci ko Jamusanci ko Sifaniyanci.

Shi kuwa ruwan inabin da bai tsima ba, tarihinsa daban. A 1869 wani likitan haƙori a Amurka, Thomas Welch, wanda ba ya son a sha giya a majami'arsu, ya ɗumama ruwan inabi a cikin kwalba bisa dabarar Louis Pasteur na Faransa. Zafin ya kashe yis ɗin, ruwan ya zauna da zaƙinsa ba tare da ya juya ba. Wannan shi ne kakan abin da muke sha a bukukuwanmu.

To, yaya za mu rarrabe? Na farko, kada mu dogara da siffar kwalba ko hoton inabi. Mu juya ta mu nemi lamba mai alamar % tare da "vol" ko "alc" a gefenta. In mun ga 11% ko 12.5%, giya ce. Na biyu, kalmomin "dry", "sec", "seco", "trocken" da "brut" duk maganar ƙarancin sukari suke yi, ba su da alaƙa da rashin barasa. Na uku, akwai wadda aka fara yin ta giya sa'an nan aka cire barasar. A ƙasashe da dama doka ta yarda a bar har 0.5% a cikinta. Mai son sanin hukuncinta sai ya tuntuɓi malamansa, amma dai ya sani asalinta ba ɗaya ba ne da ruwan da bai taɓa tsima ba. Na huɗu, mu duba lambar rajistar Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Gana da ranar lalacewa.

Muna roƙon 'yan'uwanmu masu kantuna su ware wa kowane iri wurinsa, iyaye mata masu hidimar biki kuma su sa ɗan makaranta ya karanta musu kafin a biya kuɗi. Maƙwabtanmu da ke shan tasu sun san abin da suke saye, mu ma ya kamata mu san namu. Matambayi ba ya ɓata. Allah Ya ciyar da mu halal, Ya kuma shayar da mu ita, amin.