Gidan da Banki Ya Ƙwace: Idan Dillali Ya Yi Maka Ba Daidai Ba, Ina Za Ka Kai Kuka?

Tun da Babban Bankin Ghana ya soke lasisin UT Bank da Capital Bank a watan Agustan 2017, sannan a 2018 ya haɗe wasu bankuna biyar ya kafa Consolidated Bank Ghana, kalmar "gidan banki" ta zauna a bakin dillalan Accra. A 2019 ƙananan cibiyoyin ba da rance 347 suka bi sahu. Waɗanda aka naɗa su tattara dukiyar waɗannan cibiyoyi sun yi ta neman masu saye, bankunan da suka tsira kuma suka ƙara matsa wa masu bashi. Daga Kokomlemle, inda tsofaffin gidajen zama ke komawa ofisoshi da shaguna saboda kusancinsu da mahaɗar titunan Circle, har cikin lungunan Nima da Maamobi, za ka ji ana raɗa cewa akwai gida mai araha, banki na sauri, a kawo kafin alƙalami yau.

Abu na farko da mai saye ke mantawa shi ne dillalin ba nasa ba ne. Ko da sallah kuke yi a sahu ɗaya, la'adarsa tana fitowa ne idan ciniki ya faɗa, kuma wanda ya ba shi aikin shi yake yi wa hidima. Daga nan ɓarnar ke shigowa. Wani zai karɓi tayinka ya ƙi miƙa shi ga banki, don yana da nasa mutumin. Wani zai tsegunta wa abokin takararka adadin da ka taya. Wani kuma ya ƙirƙiro mai tayin da babu shi, ya ce an ɗara ka, sai ka ƙara. Wannan na ƙarshe malaman fiƙihu sun san shi tun da daɗewa da sunan najashi, haramun ne, kuma a mazhabar Malikiyya mai saye yana da zaɓin fasa cinikin idan da sanin mai kayan aka yi.

To dokar ƙasa fa? A 2020 majalisa ta zartar da doka mai lamba 1047, wadda ta kafa hukumar kula da dillalan gidaje da filaye, REAC. Ita ke ba da lasisi, ita ke sauraron ƙorafi, tana kuma iya dakatar da lasisin ko ta soke shi. Dokar ta hana biyan kuɗin cinikin gida hannu da hannu. Sai ta cek, ko ta banki, ko ta hanyar tura kuɗi da ke barin shaida. Wannan sharaɗi ya ci karo da al'adarmu ta zango, inda ake ƙirga kuɗi a zaure a gaban dattawa biyu a yi fatiha. Amma a ganina shi ne mafi amfani a cikin dokar duka, domin wanda ya miƙa sidi a leda ba rasit, ranar rigima ba shi da abin nunawa sai rantsuwa. Matsalar kuwa ita ce yawancin masu kiran kansu ejan a unguwanninmu ba su da lasisin da za a soke. Irin wannan, yin sana'ar ma laifi ne a kansa, kuma idan ya karɓi kuɗi da ƙarya, sashe na 131 na dokar laifuka ta 1960 ya hau kansa. Akwai sashen binciken zambar gidaje da filaye a hedikwatar 'yan sandan ciki.

Idan gwanjo aka yi a fili, mai buga ƙararrawa yana ƙarƙashin dokar gwanjo ta 1989, shi ma da lasisi yake aiki. Bankin kansa kuma a rubuta masa takarda, a faɗi ranar tayi da adadinsa, a nemi amsa a rubuce: shin tayin ya iso? Sau da yawa a nan asirin dillali ke tonuwa.

Sai dai a faɗi gaskiya mai ɗaci. Duk waɗannan ƙofofi suna iya hukunta dillali, wani lokaci su dawo maka da kuɗinka, amma da wuya su ba ka gidan. Tayi ba ciniki ba ne sai mai kaya ya sallama. Idan banki bai amsa maka a rubuce ba, ya sayar wa wani wanda ya biya da zuciya ɗaya, kotu ba ta cika warware wannan ba. Abin da ya rage shi ne neman diyya, kuma shari'ar fili a Accra tana iya cin shekaru da kuɗin lauya da ya fi abin da ka rasa. Shi ya sa mutane ke fara kai magana gaban sarkin zango ko limami. Sulhu yana aiki idan dillalin ɗan unguwa ne mai jin kunyar idon jama'a. Ba ya ɗaure banki.

Akwai kuma ramin da dillali ba zai taɓa nuna maka ba. Gidaje da yawa a Nima gidajen gado ne, ɗaki-ɗaki a hannun 'ya'ya da jikoki. Idan magaji ɗaya ya ɗauki takarda ya jinginar ba da yardar sauran ba, abin da banki zai sayar maka rigima ce. Dokar filaye ta 2020 ma ta ce dukiyar da ma'aurata suka saya a zaman aure ba a jinginar da ita ko sayar da ita sai da rubutacciyar yardar ɗayan. Saboda haka kafin kafin alƙalami, a yi bincike a Hukumar Filaye, a duba rajistar kayan jingina da ke Babban Banki, a tambaya ko da umarnin kotu ake sayarwa ko ta hanyar dokar masu rance ta 2020, a ga takardar da ido. Wanda ba ɗan ƙasa ba kuma, ɗan Nijar ko ɗan Najeriya, ya sani tsarin mulkin Ghana bai ba shi hayar ƙasa da ta wuce shekara 50 a lokaci guda ba, ko me dillali ya ce masa.