Ruwa, burtali da tsaron mata: Abin da zaman sulhu ya rasa a Kura da Bunkure

Ba a cika ambaton Kura da Bunkure ba idan ana lissafa yankunan da ke fama da rashin tsaro a Arewa. Sai dai duk inda ruwa ya zama dukiya, saɓani ba ya nisa. Tun bayan kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, shirin noman rani na Kadawa, da ke ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, ya mayar da dubban hektoci a ƙananan hukumomin Kura, Bunkure da Garun Malam gonakin shinkafa, alkama da tumatir.

Daga ina saɓanin ke tasowa?

A da, da zarar an kawar da amfanin damina, makiyayi kan saki dabbobinsa su ci karmami, su bar wa manomi taki. Yanzu gona ba ta hutawa, burtali ya ƙuntace, shanu kuma kan gangara kanal su sha ruwa, su zabtare gaɓarsa. Tsakanin manoma ma akwai tankiya: na kusa da bakin ruwa ya tare, na ƙarshen layi ya yi ta jira shukarsa na bushewa.

Ta yaya abin ke shafar mata?

Mata na cikin masu tsinkar tumatir da shiƙar shinkafa, su ne kuma ƙashin bayan sana'ar turara shinkafa a Kura. Matan Fulani ke ratsa gonaki da ƙwaryar nono zuwa kasuwa. Idan zaman ɗarɗar ya shigo, hanyarsu ce ke fara rufewa, cinikinsu ya tsaya, wadda ta fita kuma ta fita da fargaba.

Duk da haka, zaman sulhu yawanci na maza ne: mai unguwa, dagaci, arɗo da shugabannin ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, waɗanda shirin TRIMING na Bankin Duniya ya ƙarfafa. Mafi yawan masu gonakin maza ne, don haka su ke cike kujerun. Alhali ƙuduri mai lamba 1325 na Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, na shekarar 2000, ya nemi a riƙa damawa da mata a aikin wanzar da zaman lafiya, Najeriya kuma ta fitar da tsarin aiwatar da shi a 2013.

Ina sulhu ya tsaya?

Ɓarnar gona ana ƙiyasta ta, a biya diyya, a yafe wa juna. Fyaɗe kuwa laifi ne da ke buƙatar asibiti, 'yan sanda da kotu. Akwai cibiyar Waraka a Asibitin Murtala da ke Kano domin irin wannan. Rufe maganar a zaure da sunan kare mutuncin gida, mai laifi kaɗai yake karewa.

Gyaran bai fi ƙarfin ƙananan hukumomi ba: a ware wa mata kujeru a ƙungiyoyin ruwa da kwamitocin sulhu, a shata burtali da mashaya, a kuma samar da mace amintacciya a kowace mazaɓa da za a iya kai wa ƙorafi cikin sirri. Waɗannan ne ya kamata matasa su tambayi kansilolinsu a kai, tun kafin a saki ruwan rani mai zuwa.