Tanadin Barci A Lokacin Ambaliya

Gabatarwa

Ɗan'uwa manomi, idan damina ta yi nisa kogi ya fara cika, ka san tanadin da ake yi: a kwashe hatsi zuwa tudu, a janye dabbobi daga fadama, a duba lafiyar kwale-kwale. Akwai wani tanadi da ba a cika ambatonsa ba, wato yadda mutanen gida za su riƙa samun barci a kwanakin da ake zaman ɗar-ɗar.

Ruwan dare yana da haɗari ƙwarai. Madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle ne cikin dare, gari ya waye ranar 10 ga Satumba, 2024, ruwa ya mamaye unguwannin Maiduguri. A Mokwa ta Jihar Neja kuwa, ruwan da ya zo kafin wayewar garin 29 ga Mayu, 2025, ya tarar da mutane a kwance, fiye da 150 suka rasu. Don haka tilas ne a samu mai gadi da dare. To, amma ambaliyar manyan koguna, irin wadda aka gani a Neja da Binuwai a 2012 da 2022, takan ɗauki makonni. Babu maigidan da zai iya kwana a farke tsawon wannan lokaci.

Illar rashin barci

Baligi yana bukatar barcin awa 7 ko fiye a kowace rana, yara 'yan makaranta kuma awa 9 zuwa 12. Binciken da aka yi a ƙasar Ostireliya ya nuna cewa wanda ya yi awa 17 a farke, nutsuwarsa da zafin namansa sukan ragu kamar na wanda ya ɗan sha abin maye. Abin tsoron shi ne, shi kansa ba ya gane haka. Zai ga kamar zai iya ƙetare ruwa da babur, ko ya yi wa kwale-kwale lodin da ya fi ƙarfinsa.

Hausawa kan ce barci ɓarawo ne. Mai gajiya yakan yi gyangyaɗin daƙiƙa kaɗan ba tare da ya sani ba, musamman tsakanin ƙarfe 2 zuwa 5 na dare. Daƙiƙun nan sun isa su kifar da jirgi.

Yadda za ku raba dare

1. Ku haɗa kai da maƙwabta, gida uku ko huɗu, ku raba dare gida biyu: daga bayan Isha'i zuwa ƙarfe 1, sannan daga ƙarfe 1 zuwa Asuba. Mutum biyu su yi gadi tare. Wanda ya yi yau ya huta gobe.

2. Ku kafa sanda mai alamomi a bakin ruwa. Mai gadi ya duba ta da tocila kowace awa. Ku yanke shawara tun da rana, lokacin da hankali yake kwance, a kan alamar da idan ruwa ya kai ta kowa zai tashi. Kada a bar wannan hukunci ga mai jin barci.

3. Wanda zai tuƙa jirgi, mota ko babur gobe, kada a saka shi gadin daren yau.

4. Mai gadi ya rama barcinsa da rana. Ko ƙailular minti 20 bayan Azahar tana wartsakar da jiki.

5. Wanda aka tasa daga barci mai nauyi yakan yi minti 15 zuwa 30 yana magagi. Saboda haka a ajiye tocila, takalma, waya, magani da takardu wuri guda, inda hannu zai kai ko cikin duhu.

6. Goro da shayi suna ɗaga barci ne kawai, kuma ƙarfinsu yakan daɗe a jiki. Wanda zai sauka daga gadi kada ya ci goro dab da kwanciya. A guji ƙwayoyin hana barci.

Wurin kwana

Idan kun koma tudu ko makaranta, ku tafi da gidan sauro, domin kwantaccen ruwa yana ƙara yawan sauro. Ku kwanta a kan abu mai tudu, ku cusa gefen gidan sauron ƙarƙashin shimfiɗa, saboda macizai ma tudu suke nema. Kada a kunna janareta ko a bar garwashi a ɗakin da aka rufe, iskar da suke fitarwa tana kashe mai barci ba tare da ya farka ba. Masu shayarwa da masu jinya su ma a karɓe su, su samu su runtsa.

Kira ga malaman gona

Malamin gona, duk lokacin da kake isar da hasashen ambaliya na hukumar NIHSA ko na ruwan sama daga NiMet, ka tambayi mai unguwa: su wa za su yi gadi, su wa za su karɓe su? A rubuta sunayen tun kafin kogi ya kawo. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kare mu daga sharrin ruwa.